Ana shirya mini aure, ni kuwa sai a kan keke nake samun numfashi

Kawu, barka da aiki. Shekaruna 33, a nan Maradi aka haife ni, ina riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafin shagonsa. Ba abin da nake so kamar keke. Ran Lahadi da asuba nakan fita, wani lokaci Tsibiri, wani lokaci Jiratawa, in na samu sarari in kai tafkin Madarunfa in zauna ina kallon masunta da tsuntsaye. Bara da sanyi na kai Tasawa a yini guda, yanzu burina Damagaram. A gida kuma ina kiwon tattabaru.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, tun ina ɗan shekara 15 na gane zuciyata ba ta zuwa wajen mata, wajen maza take zuwa. Na yi addu'a, na yi azumi, na sha rubutu, ba abin da ya sauya. Yanzu Inna ta zaɓa mini ɗiyar ƙanenta, ta ce bayan kaka za a kai goro. Yayana ya ce in sayar da keken in haɗa kuɗin aure, wai ƙato da ni ina yawo kamar yaro. Yarinyar ba ta da aibi ko kaɗan, amma na san ba zan iya zame mata miji yadda ya kamata ba. In na ƙi, Inna za ta yi kuka, mutane kuma su fara tambaya. Kwanan baya a hanyar Cadawa wata babbar mota ta taso, na ji a raina ko ban kauce ba, ba komai. Kawu, in yi auren in huta da surutu, ko yaya zan yi?

*

Ɗana, na cire sunanka da na unguwarku, na kuma sauya wasu ƙananan bayanai, domin Maradi duk girmanta, in aka ba mutane bakin zare da safe, kafin la'asar sun kai ƙofar gida.

Zan fara da maganar da ka ajiye can kusa da ƙarshe, ta motar hanyar Cadawa. Sau uku na karanta ta. Wanda ya ji haka a ransa ba rago ba ne, ba kuma mai raunin imani ba ne. Mutum ne da ya yi shekara 18 da kaya a ka, bai samu wanda zai kama masa ya sauke ko na minti ɗaya ba. Amma kada ka raina wannan tunanin. Duk ranar da ya sake zuwa, ranar ba ta hawa kwalta ba ce. Ka jingine keken, ka zauna cikin mutane, ko da fadar shayin ƙofar gida ce da ba ka cika son hirarsu ba. Cikin makon nan kuma ka je asibiti ka nemi likitan da ke duba masu damuwa. Ba dole ne ka zazzage masa cikinka duka ba. Ka ce masa rayuwa ta fita ranka, kuma tunanin mutuwa yana zuwa maka. Wannan ya ishe shi ya san inda zai fara. Ina roƙon ka da ka yi wannan kafin duk sauran abin da zan faɗa.

Ka ce ka yi addu'a, ka yi azumi, ka sha rubutu. Na yarda da kai, kuma ba na ganin ka gaza wani ƙoƙari. Tun ranar 17 ga Mayu 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma babu allura ko ƙwayar da ke juya zuciyar mutum daga nan zuwa can. Duk wanda ya ce ka kawo jika kaza ya cire maka aljani, kuɗinka zai ci, sannan ka bar masa sirrin da zai iya riƙe ka da shi har tsufanka. Aure ma ba ya juya ta. Mutane da yawa sun shiga ɗakin amarya da fatan gari zai waye su tashi wasu mutane dabam, gari ya waye suka tashi yadda suka kwanta, sai dai yanzu akwai ɗiyar mutane a gefe.

Ni ba malami ba ne, ba zan yi maka fatawa ba. Ka san abin da malamanmu ke faɗi game da aikatawa, ni ma na sani, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa wani abu dabam suke faɗi ba. Amma su ɗin dai ne ke karantar da mu cewa ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa ba da zaɓinsa ba, kuma bin diddigin asirin mutane haramun ne, yana nan cikin Suratul Hujurati. Kada ka janye daga sahu don kana jin ba ka cancanci tsayuwa a cikinsa ba. Babu wanda ke tsaye a sahun nan da ba shi da abin da Allah ya rufa masa.

Ba zan ce ka tara dangi ka faɗa musu ba. Masu ba da irin wannan shawara daga nesa ba su ne za su kwana a gidan ba. Kundin dokokin mulki da hukumomin ƙasar nan suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ambaci wannan lamari ya haramta shi, in kuma ka wuce Dan Isa ka shiga Jibiya, can ga dokar Najeriya ta 2014, ga shari'ar jihar Katsina. Tun kafin a kai ga doka ma akwai bakin mutane da hannunsu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yin shiru a kan abin da yake naka ba ƙarya ba ne. Ka fi yin hattara da waya. Akwai masu ɗana tarko a Facebook da WhatsApp, su yi ta lallashin mutum da daɗin baki har ya tura hoto ko ya je inda suka kira shi, daga nan sai duka da ƙwace da barazanar tonon asiri, wata bayan wata. Mai kaɗaici shi suka fi nema, don shi ne ya fi saurin yarda. Kada ka rubuta wa wanda ba ka sani ba abin da ba za ka so a karanta a bakin kasuwa ba.

Yanzu ga tambayarka. Kada ka yi auren nan.

Ina da wata ɗiyar gwaggona, Allah ya jiƙanta. An aurar da ita ga wani mutum mai kirki. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, hatsi bai taɓa yankewa a gidan ba, kowace salla da ɗinkinta. Amma bai taɓa kallon ta yadda miji ke kallon matarsa ba, ita kuwa ba wanda ya gaya mata dalili, sai ta ɗauka daga gare ta ne. Ta sayar da awakinta ta sayi kayan mata da turaruka. Ta bi malamai, ta bi bokaye. Ta zargi wata maƙwabciyarta da yi mata asiri har suka daina gaisawa, alhali baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Dangin miji suka sa mata ido a kan haihuwa, wasu har suna ce mata juya a bayan idonta. Yarinyar da muka sani da dariya ta koma mai magana ƙasa-ƙasa, kullum tana duba jikinta tana neman inda aibin yake. Shekara 11 aka yi a haka kafin su rabu. Bayan nan ne shi mijin ya faɗa mini gaskiya a wata tafiya da ta haɗa mu, yana hawaye, ya ce ya yi auren ne don mahaifiyarsa ta samu kwanciyar hankali. Na tausaya masa ƙwarai, har yau ina tausaya masa. Amma kwanciyar hankalin nan da ƙuruciyar wata aka saye ta, kuma ba a tambaye ta ba.

Kai da bakinka ka ce ɗiyar kawunka ba ta da aibi. To abin da za ta fara rasawa ke nan, sanin cewa ba ta da aibi. Surutun ma da kake son ka huta da shi ba zai ƙare ba. Yau ana tambayar yaushe za ka yi aure, gobe za a koma tambayar yaushe za a yi suna, kuma a lokacin ba kai kaɗai za a tsare da ido ba.

A fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin nan, aure ba hukunci ɗaya gare shi ba. Ga wani wajibi ne, ga wani mustahabbi, ga wani halal kawai, ga wani makaruhi, har malamai suka ce yana iya zama haram ga wanda ya san zai cutar da matar, ta wajen ciyarwa ko ta wajen haƙƙin shimfiɗa. Na kawo maka wannan ne don in an ce maka ƙin auren saɓo ne, ka san ƙin cutar da ita yana da gurbi a cikin addinin.

Lokaci shi ne abin da ba ka da shi da yawa. Yanzu magana tana cikin ɗakin Inna. Ranar da goro ya fita, ta zama ta gida biyu, janyewa kuma ta zama cin mutuncin kawunka. Auren zumunci in ya yi daɗi ya fi kowane aure, in ya ɓaci kuwa ba miji da mata kaɗai yake rabawa ba, Inna da ƙanenta zai raba, su da suka sha nono ɗaya. Wannan ita ce hujjar da za ta fi shiga kunnenta, kuma gaskiya ce tsantsa. Ka same ta ita kaɗai, ba gaban yayanka ba, ba kuma ta waya ba. Ka durƙusa ka ce mata: Inna, wance ƙanwata ce, jin ta nake kamar wadda muka fito ciki ɗaya. In na aure ta zan cuce ta, kuma ba na son in zama sanadin ɓata tsakaninki da Kawu. Ki yi mini haƙuri ki janye maganar tun ba ta fita ba.

Kada ka ce a bari sai baɗi, domin baɗi za ta zo, yarinyar kuma ta zauna jiran ka tana korar masu son ta da gaske. Kada ka ƙirƙiro wata budurwa da babu ita, ramin ƙarya ƙurarre ne, za a ce ka kawo ta a gani. Ko da wasa kuma kada ka laƙa wa yarinyar wani laifi don ka kuɓuta. In Inna ta tambaye ka ko lafiyarka ƙalau, kuma za ta tambaya, ka ce mata lafiya lau kake, amma ba za ka ɗauki amanar ɗiyar kowa ba alhali ka san ba za ka iya riƙe ta ba. Ka tsaya a nan. Ko sau goma ta sake tambaya, amsar ke nan.

Za ta yi kuka. Wataƙila ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarka yadda ta saba. Yayanka zai yi faɗa, za a kira ka tuzuru, da azumi yaran tashe ma ba za su ƙyale ka ba, kuma bayan wani lokaci za a sake kawo maka sunan wata. Ba ni da dabarar da za ta ɗauke maka wannan, kuma ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba. Abin da zai rage maka nauyinsa shi ne ka tsaya da ƙafarka. Ka riƙa ajiye wani abu kowane wata, ka nemi ɗakinka na kanka ko da a kusa da gida ne, ka ci gaba da ɗaukar rabonka na cefane da maganin Inna ba tare da an tuna maka ba. Wanda gida ke jin amfaninsa, ana yi masa faɗa amma ba a cika tura shi bango ba. Ka kuma gane abin da ke ƙarƙashin kukan Inna. Yawancin iyaye mata ba bikin ne ya dame su ba, tsoro suke ji kada ɗansu ya tsufa shi kaɗai, ya kwanta ciwo babu mai miƙa masa ruwa. Wannan tsoron ba da baki ake amsa shi ba, sai ta ga kana cikin mutane, kana da masu neman ka.

Nan ne maganar keke ta shigo. Kada ka sayar da shi. Na yi shekaru ina koyarwa a ƙauye, keke ne ƙafata, na san abin da ke faruwa da kan mutum bayan ya yi awa biyu yana juya feda, yadda hayaniyar ciki ke kwantawa har ya ji kukan kurciya a kan gawo. Mutumin da ya samu abin da ke sanyaya masa rai ba ƙwaya ba, ba giya ba, ba caca ba, bai kamata a raba shi da shi ba, musamman a irin wannan lokaci. Yayanka ya yi kuskure a nan.

Sai dai ka tambayi kanka wani abu tsakaninka da Allah. Ranakun da ka fi yin nisa, ba su ne ranakun da ake suna ko ɗaurin aure a dangi ba? In haka ne, yayanka ya hango wani abu, ko da bai iya faɗinsa da kyau ba. A idon gida keken ya zama abin da ke ɗauke ka daga gare su, shi ya sa suke jin haushinsa. Kana iya juya wannan. Zumunci a ƙafa yake, feda ma ai ƙafa ke juya ta. In za ka Tsibiri, ka tambayi Inna ko tana da saƙo wajen dangi. In ka je Jiratawa ka ɗauro mata zogale daga lambu, daga Madarunfa kifi, daga wajen Cadawa aya. Ranar sunan ɗan yayanka ka zauna a tabarma daga farko har a watse, ko da za a yi maka tambayar da ba ka so sau biyar. Sannan ka daina fita kai kaɗai kullum. Garin nan bai rasa masu son doguwar tafiya a keke ba, masu faci da masu gyara sun san su, ka tambaye su. Abokin hanya ba ya tambayar ka me ya sa ba ka yi aure ba, tambayarsa ko ka taho da famfo. Kana bukatar mutum biyu ko uku irin waɗannan, waɗanda za su ƙwanƙwasa maka ƙofa da asuba in ba su gan ka ba. Wataƙila wata rana a cikin mutanen rayuwarka a samu guda da ka gwada shi shekara da shekaru ka ga cikinsa rijiya ce, ka sauke masa kayan. Wannan ba abin gaggawa ba ne.

Damagaram kuwa, ka je, amma da sharaɗi biyu: sai ka ga likita tunanin nan ya lafa, kuma ba kai kaɗai ba. Tafiyar kusan kilomita 240 ce. Tun da ka taɓa kai Tasawa a yini guda ka san rabin farko, Cadawa, Agye, Gazawa. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda cinya ke wayar gari a rana ta biyu, don haka kafin ka ɗaura niyya ka gwada fita mai nisa kwana biyu a jere. Disamba ko Janairu ya fi, kada ka kusanci Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Sai dai da sanyi iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, wato duk tafiyarka a fuska za ta riƙa dukan ka, kuma takan ƙara ƙarfi in hantsi ya yi. Ku tashi da an sallame asuba, ku ci nisa kafin ta farka, da rana tsaka ku kwanta a inuwa. Gonakin hanyar Agye cike suke da gawo, albarkacin sassaben zamani da manoman yankin nan suka runguma tun shekarun 1980, suna barin kututture ya sake tofo maimakon a tumɓuke shi. Gawo da damina yake zubar da ganye lokacin da daji ke kore, da rani kuma ya yi kore shar, don haka lokacin tafiyarku inuwarsa a cike take. Ku dai ɗaga kekunan ku ɗauka in za ku sauka daga kwalta, domin ƙaya da tsidau ba sa barin taya. Tiyub biyu, kayan faci, famfo, da ɗan man sarƙa, saboda ƙura tana cinye ta.

Da sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa alhali jikinsa yana bushewa, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ba. Gora ɗaya ka haɗa ta da cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a litar ruwa guda. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, fura a garuruwan hanya. Ka rufe hanci da baki saboda ƙura. Ka sa riga mai haske, ka ɗaura madubi, in ka ga manyan motoci biyu za su yi kiciɓis kusa da kai ka sauka gefe ka ba su hanya, kuma magariba ta same ku a cikin gari. Rana ta biyu ta Maijirgi da Takeita da Tirmini za ku bi, in ƙafa ta ƙi ku kwana a Takeita, babu wanda ke riƙe muku agogo. Katin shaidarka ya kasance a jikinka saboda shingayen jami'an tsaro, wayarka kuma kada ta ɗauki abin da zai jawo maka magana in an buɗe ta. In kun isa, ka shiga Birni ka ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun nan da gari ya zauna a tsakaninsu. A dawowa iskar tana bayanku.

Kudu da yamma kuwa ka rage sakin jiki. Ƙauyukan bakin iyaka na wajen Madarunfa da Gabi da Gidan Runji, da dajin Babban Rafi, sun sha fama da masu satar mutane da shanu. Tafkin ka je shi da rana, ka bi babbar hanya, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka fita, ka bar bin ƴan hanyoyin daji kai kaɗai komai kyansu.

Amma duk wannan sai sanyi ya shigo, kaka kuwa ta riga shi zuwa. Ka samu Inna cikin kwanakin nan. Ranar da ka yi mata maganar, ƙafarka za ta yi ta jan ka wajen keken, kada ka hau. Ka ba tattabarunka hatsi, ka dawo ka zauna a tsakar gida inda za ta gan ka, ka ci tuwon dare a nan ko da ba ta ce maka uffan ba, da safe kuma ka je ƙofar ɗakinta ka gaishe ta kamar kullum.